Babi na Bakwai: Yadda Ake Gane Dangin Ƙwayoyin Cutar da Sauro Ke Yaɗawa

Darasi na 1: Ƙwayar cuta ma tana da rubutu

'Yan uwa ɗalibai, sannunku da ƙoƙari. Kowa ya fito da fensirinsa da littafinsa, a kuma samo tsinken tsintsiya guda ɗaya, za mu yi aiki da shi nan gaba kaɗan.

Akwai cututtukan da sauro ke ɗaukowa daga jikin wani ya kai wa wani. Wanda muka fi sani shi ne maleriya, amma ba shi za mu karanta ba yau, domin abin da ke kawo shi wata halitta ce daban. Namu su ne waɗanda ƙwayar bairus ke kawowa: zazzaɓin shawara, da dengi, da Zika, da cikungunya. Bairus ƙanƙane ne ƙwarai, ko madubin da ake duba jini da shi a asibiti ba ya nuna shi.

A cikin kowane ɗayansu akwai wani dogon zare, a jikinsa an jera wasu abubuwa iri huɗu. Masana sun ba kowane iri harafi: A, C, G, U. A rubuta su manya-manya a saman takarda. Huɗu ne kawai, amma suna ta maimaituwa, har zaren bairus ɗin shawara ya kai haruffa kusan 11,000. A shekarar 1985 aka fara karance shi kaf a Amurka. Yanzu akwai na'urar da ke wannan karatu daga jinin mara lafiya.

To, ina dangi ya shigo? Ku tuna abin da ke faruwa a ajinmu. Na rubuta jimla a allo, na baya bai hango ba, sai ya kwafa daga littafin na gabansa. Idan na gaban ya yi kuskuren harafi ɗaya, na bayan ya gaji kuskuren, watakila ma ya ƙara nasa. In na karɓi littattafanku, daga kuskuren nake gane wa ya kwafa a wurin wa. Haka bairus yake. Duk sanda zai hayayyafa sai ya kwafi zarensa, wani lokaci harafi ɗaya ya sauya, 'ya'yansa kuma su gaji sauyin.

Darasi na 2: Gwada layi da layi

Nan ne wurin da aka fi tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a kansa. Ga layuka uku. Ni na tsara su don gwaji, ba na wata cuta ba ne. Kowane layi haruffa 10 ne.

Layi na 1: A U G C C A G U U A
Layi na 2: A U G C C A G U C A
Layi na 3: A C G C U A G A U A

A kwafe su, kowane harafi daidai ƙarƙashin ɗan'uwansa, kamar yadda muke jera lambobi a lissafi. Kada a yi ƙoƙarin haɗa baƙi da wasali a fitar da kalma, babu kalma a nan. Waɗanda suka saba da ajami, a kula, daga hagu za mu fara.

Yanzu a ɗauki tsinke, a miƙe shi tsaye a kan harafin farko na layi na 1 da na layi na 2. Sama A, ƙasa A. Iri ɗaya ne, a wuce. A matsar da tsinke harafi ɗaya tak. Sama U, ƙasa U, a wuce. A sake matsarwa, harafi ɗaya tak. Haka za a yi ta yi har a kai na tara: sama U, ƙasa C. Sun bambanta. A zagaye shi da fensir. Na goma A da A. An gama. Zagaye nawa aka samu? Ɗaya.

Yanzu layi na 1 da na 3. A mayar da tsinke farkon layi, ba tsakiya ba. Harafi ɗaya-ɗaya. Na biyu: U da C, a zagaye. Na biyar: C da U, a zagaye. Na takwas: U da A, a zagaye. Zagaye uku ke nan.

Ga ƙa'idar, a faɗe ta da baki sau uku: bambanci kaɗan, dangi na kusa, bambanci da yawa, dangi na nesa. Layi na 1 da na 2 kamar wa da ƙane suke. Layi na 1 da na 3 kuwa sai an koma kan kakanni.

Wanda bai samu daidai ba kada ya karaya, sannu ba ta hana zuwa. Wata dattijuwa a ajin mata sai a gwaji na huɗu ta samu, daga baya ita ke nuna wa na kusa da ita. A goge, a sake daga farko, tsinke a hannu.

Kurakurai biyu nake gani kullum. Na farko, mutum ya ga uku ya fi ɗaya yawa sai ya ce ai masu uku sun fi kusa. A'a. Abin da muke ƙirgawa bambanci ne, yawansa nisa yake nunawa. Bambanci kaɗan, dangi na kusa. Na biyu, tsallake harafi. In ka tsallake ɗaya a layin sama ba ka tsallake a na ƙasa ba, duk abin da ya biyo baya ya karkace, sai ka ga bambanci inda babu shi.

Kuma zan faɗa muku gaskiya, wasunku ba rashin ganewa ke damunsu ba, gaggawa ce. Na ce a zo da tsinke, sai in ga mutum ya kalli layi da ido kawai ya ce ya gama. Ba a gamawa da ido. Magidanci da ke ƙirga kuɗin cinikinsa sau biyu a kasuwa bai kamata ya kasa haƙurin haruffa goma ba. Wanda ya ajiye tsinkensa ya ɗauka.

Ga layi na 4: A C G C U A G A U G

A gwada shi da layi na 1, sannan da layi na 3. Daga hagu, harafi ɗaya-ɗaya, a zagaye wanda ya bambanta, a ƙirga zagayen. Da layi na 1 za a samu huɗu, da layi na 3 za a samu ɗaya. Ɗan gidan wa ne? Na layi na 3, domin bambancinsu kaɗan ne. Wannan aikin da kuka yi shi ne kwamfuta ke yi wa masana, sai dai ita dubban haruffa take gwadawa.

Darasi na 3: Dangin shawara

A shekarar 1927 aka samo bairus ɗin shawara daga jinin wani mutum mai suna Asibi a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Daga wannan bairus ne wani masani, Max Theiler, ya yi ta renon zuriya bayan zuriya a ɗakin bincike har ta yi laushi, ta daina kawo cuta. A 1937 ta zama allurar rigakafin da ake yi har gobe. Da aka gwada zaren na Asibi da na allurar, haruffan da suka bambanta ba su kai 100 ba cikin kusan 11,000. Ku faɗi da kanku: na kusa ne ko na nesa?

Da aka gwada shawarar ƙasashe daban-daban, an raba ta gida bakwai, biyar a Afirka, biyu a Kudancin Amurka. Na Kudancin Amurka sun fi kusa da na Afirka ta Yamma. Wannan ya ƙarfafa abin da masana tarihi suke faɗa, cewa cutar ta ƙetare teku ne a jiragen fataucin bayi.

A gida kuma, cikin 2018 wani zazzaɓi ya ɓarke a jihar Edo. Masana a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, jihar Osun, suka karanta zaren abin da ke cikin jinin marasa lafiya, suka ga shawara ce. A 2019 ta ɓulla a Alƙaleri ta jihar Bauchi, wajen dajin Yankari.

Darasi na 4: Zika da sauransu

An fara ganin Zika a wani daji na Uganda a 1947. Tana da gida biyu, na Afirka da na Asiya. Wadda ta addabi Brazil a 2015, har aka riƙa haifar jarirai da ƙaramin kai, 'yar gidan Asiya ce. Dengi iri huɗu ce. Zika da dengi da shawara dangi ɗaya ne, cikungunya kuwa daga wani dangi ta fito, ko da yake sauro iri ɗaya ke ɗaukarsu.

Darasi na 5: A gida

Sauron nan baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafa, da rana yake cizo, a ruwan da aka ajiye yake ƙwai. A rufe randa, a kife gwangwani da tsohuwar taya. Allurar shawara sau ɗaya ake yi, yaro yana wata tara.

Aikin gida: a gwada layi na 2 da na 3, a rubuta yawan zagayen. A zo da tsinke ranar Litinin.