Yadda na raba autana da makero

Wata biyu ina fama da makero a kan autana, gashi na ta zubewa zagaye-zagaye ga fari-fari kamar an barbaɗa toka. Ba abin da ban shafa ba, har maƙwabciyata ta ce in sa man birki, Allah Ya tsare ban biye mata ba. A asibiti likita ya ce makeron kai shafawa ba ta kashe shi don yana can tushen gashi, sai an sha magani. Ya rubuta griseofulvin na sati 6, a ba shi da abinci mai maiƙo. Na saya masa kilifa tasa shi kaɗai, a wajen mai aski ya kwaso ai, hulunansa kuma na wanke da ruwan zafi. Gashi ya fara tsirowa yanzu.