Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sanya Tsohon Cocin Katolika a Labarin Tarihin Damagaram

A 'yan shekarun nan na karanta rubuce-rubuce da dama na matasan Damagaram masu son ƙaga labarin jarumta da ya faru a zamanin Nasara, kuma na lura cewa da yawansu kan zaɓi tsohon cocin Katolika ya zama dandalin da za a ɓoye wata takarda, ko a tsare wani fursuna, ko a ƙulla wata maƙarƙashiya. Zaɓin yana da kyau, domin gini ne da yawancin masu karatunmu ke wucewa ta ƙofarsa ba tare da sun taɓa leƙa cikinsa ba. Abin da ke damuna shi ne cocin da nake tararwa a shafukan nan galibi daga finafinan Turai aka ɗauko shi, aka dasa shi a kan rairayinmu, alhali cocin da aka yi a nan baƙo ne ƙarami wanda ya zo a makare, kuma a cikin wannan baƙuncin ne daɗin labarin yake.

Kuskure mafi girma shi ne na lokaci. Na ga labarin da jaruminsa ya gudu ya ɓuya a hasumiyar coci a ranar da aka kashe hafsan sojan Faransa Kyaftin Kazemaju a garin nan, wato a watan Mayun 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ranar babu coci a Damagaram, babu ma mulkin Faransa, domin sai bayan yaƙin Tirmini a ƙarshen watan Yulin 1899 sojojinsu suka shigo birni. Har a shekarun da Damagaram ta zama babban birnin ƙasa, daga 1911 zuwa 1926 lokacin da aka mayar da kujerar mulki Yamai, 'yan Katolika ba su kafa mishan ba. Mishan ɗinsu ta farko a Nijar ita ce ta Yamai, wadda Fada (wato limamin Katolika) Faransuwa Faru ya buɗe a 1931, ta Damagaram kuwa ta biyo baya wajejen 1940. 'Yan mishan na SIM, wato ƙungiyar Furotesta ta Sudan Interior Mission, sun riga su zuwa garin tun 1924, amma su ba Katolika ba ne, kuma cuɗa ɓangarorin biyu wani kuskure ne da zan dawo kansa.

Gyaran wannan hanya biyu gare shi. Wanda zuciyarsa ta kwanta da 1899, ko da 1906 lokacin da Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye suka tuɓe shi suka kai shi gudun hijira, sai ya bar coci ya nemi dandalin da yake tsaye a lokacin: fadar sarki, ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, gidajen fatake na Zango irin na Malam Yaro, ko sansanin soja da ke kan duwatsu. Wanda kuwa cocin ne ya fi masa muhimmanci, sai ya jawo labarinsa zuwa tsakanin 1940 da 1942, kuma ina ganin ba zai yi asara ba. A waɗannan shekaru na Yaƙin Duniya na Biyu hukumar Faransa a Afirka ta Yamma tana biyayya ga gwamnatin Faransa ta Bishi, wadda ta sulhunta da Jamus, yayin da Kano, mai nisan kimanin kilomita 240 kawai, take hannun Ingila mai yaƙar Jamus ɗin. Iyakar da ta raba dangi da dangi ta koma iyakar yaƙi, fasa-ƙwauri ya yi ƙarfi, hukuma na zargin kowa da leƙen asiri. Ƙaramin gidan mishan da baƙi ke sauka a cikinsa, wasiƙu na shiga suna fita, ya wadatar da marubuci da duk fargabar da yake nema ba tare da ya murɗe shekara ko ɗaya ba.

Sai siffar ginin. Marubuta na son hasumiya mai taɓa gajimare, tagogin gilashi masu launi, da ramin ƙarƙashin ƙasa cike da kaburburan da suka shekara ɗari uku. Masu mishan na wancan zamani talakawa ne a aljihu, kuma sun yi gini da abin da ƙasa ta ba su, wato tubali da dutse da azara, sai kwano da ɗan siminti idan an samu, a garin da ƙarancin ruwansa yana cikin dalilan da suka sa ya rasa matsayin babban birni. Ka ba mu ɗaki mai tsawo da bencina, bagadi a gaba, gicciye a bango, fitilar kananzir, ƙararrawa ƙarama, da ƙurar hunturu da ake sharewa kullum tana dawowa. Idan kana neman taska, manta da akwatin zinariya, ka tuna da littafin rajistar baftisma, inda fada ke rubuta sunan yaro da na iyayensa da na ubangidansa na baftisma da kwanan wata. Shafi guda na wannan littafi na iya tona asalin mutum, ko ya tabbatar da magaji, ko ya sa wani ya haura katanga cikin dare domin ya yage shi.

Su wa ke zama a kan bencinan? A nan ma ana yawan ɓata. Wasu sun cika cocin da Hausawan Birni, wasu sun cika shi da Turawa zalla, kuma duka biyun sun kauce. Mafi yawan masu zuwa ibada baƙi ne daga ƙasashen bakin teku, musamman Dahome (Benin ta yau) da Togo, waɗanda hukuma ta kawo a matsayin akawu da malaman lakwal da ma'aikatan gidan waya, tare da wasu sojoji da 'yan kasuwa da 'yan tsirarun Faransawa. Akawun Dahome da ke karɓar umarni da Faransanci, ya yi ciniki da Hausa, ya yi addu'a da Latinanci, ya kuma san abin da ke cikin kowace takarda da ta bi ta ofishin kwamandan, shi ne mutumin da ya kamata a ce marubutanmu suna rububinsa, amma sai a bar shi a bayan fage.

Wani kuskuren mai zurfi shi ne mayar da fada da kwamandan kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Gaskiya ne dukansu Nasara ne, kuma talakan da ake kora aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946, yana da hujjar kallonsu da ido guda. Amma Faransa ta raba addini da gwamnati tun 1905, jami'anta da yawa ba masu zuwa coci ba ne, kuma a ƙasashen Musulmi sun fi son zaman lafiya da sarakuna da malamai a kan wa'azin da zai tayar musu da ƙura. Saboda haka dangantakar ta kasance ta taimako wani lokaci, ta zargi wani lokaci. Marubucin da ya nuna wannan tsamin zai sami mutane biyu masu rai a madadin mugu ɗaya mai riguna biyu.

Game da ibadar kanta, bincike kaɗan zai hana kunya mai yawa. Kafin babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, da Latinanci ake gabatar da babbar ibada, fada yana fuskantar bagadi ya ba jama'a baya, don haka kada a sa shi yana jan ta da Hausa a 1941. Fada ba ya aure, faston SIM ne ke zuwa da iyali. Sista tana koyarwa tana jinya, amma ba ta jagorantar wannan ibada. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake wasa da furta zunubi: sau da yawa na ga fada ya ji sirrin mutum da safe, da yamma ya kai wa kwamandan. A dokar cocin Katolika, abin da aka faɗa wa fada a wurin furta zunubi ba ya fita daga bakinsa ko da za a kashe shi, kuma wanda ya tona ya fita daga tarayyar coci nan take. Ka duba irin kyautar da wannan doka ta ba marubuci: mutumin da ya san wanda ya yi kisa, yana ganin za a hukunta wanda bai ji ba bai gani ba, kuma bakinsa a ɗaure.

Kuɗi ma a kula da su, domin sefa ba ta fito ba sai a watan Disamban 1945.

Akwai kuma maƙwabta, waɗanda ake yawan mayarwa taron masu fushi marasa suna, ko kuma a shafe su gaba ɗaya kamar cocin a daji yake. Ginin yana cikin garin malamai da makarantun allo, ƙararrawarsa da kiran salla suna shiga kunne ɗaya, magininsa da mai gadinsa da mai kawo masa ruwa wataƙila duk Musulmi ne, kuma kowannensu yana da ra'ayinsa game da baƙin. Mu da muka ga abin da ya faru ranar 16 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a garin nan, mun san cewa wannan batu ba na wasa ba ne, kuma akwai Kiristoci da Musulmi da za su karanta labarinka da ciwon a ransu. Kafin ka rubuta babin farko, ka nemi izinin fadan da ke kula da mishan ka shiga ka zauna a benci na awa guda, sannan ka je wurin dattawan unguwar ka tambaye su abin da iyayensu suka gaya musu game da zuwan masu fararen riguna.