In Allah Ya kai ka Berlin, ga yadda za ka zaga unguwar Wedding

Ƙannenmu na ATBU da na Jami'ar Jihar Gombe masu shirin tafiya karatu Jamus, don Allah in kun sauka Berlin ku ware yini guda ku shiga Wedding, tana arewa maso yammacin tsakiyar gari, tun 2001 aka haɗe ta cikin gundumar Mitte.

Sayi tikitin AB, wato na zirga-zirga a cikin birnin Berlin, in na takarda ne ka buga masa tambari a na'urar tasha kafin ka hau, in ba haka ba tara ce. Hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layin U6 ka sauka Leopoldplatz, sai ka bi titin Müllerstraße a ƙafa ka yi arewa. Shagunan Turkawa da Larabawa ne jere, naman halal ba wahala, masallatai ma akwai. Unguwar leburorin masana'antu ce tun asali, a 1861 ta shiga cikin Berlin, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta faɗa ɓangaren da Faransa ke riƙe da shi.

Da ka wuce titin Seestraße ka rage sauri, ka riƙa ɗaga kai kana karanta allunan tituna, za ka ga na Togo, na Kamaru, na Gini, na Kongo, to ka shigo unguwar Afirka ke nan, sunayen kuma yawanci na zamanin da Jamus ke kwaɗayin ƙasashen mutane ne. Nemi dandalin Manga-Bell-Platz ka tsaya. Har zuwa 2022 sunan Gustav Nachtigal yake ɗauke da shi, mutumin nan da ya iso Kukawa a 1870 da kyaututtukan sarkin Prussia, wata masarauta a Jamus, ga Shehu Umar na Borno, nan maƙwabtanmu fa, daga baya a 1884 shi ne ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru. Yanzu sunan gidan sarkin Duala ta Kamaru ne, Rudolf Manga Bell, wanda Jamusawa suka rataye a 1914 don ya ƙi yarda a ƙwace wa mutanensa filaye. Wallahi a ganina canjin nan ya yi, 'yan Afirka mazauna Berlin sun shekara da shekaru suna fafutuka kafin a yarda. A 2024 ma aka raba titin Petersallee gida biyu aka sake masa suna, Maji-Maji-Allee don tunawa da boren da aka yi wa Jamusawa a Tanzaniya ta yau, da Anna-Mungunda-Allee don tunawa da wata 'yar gwagwarmayar Namibiya.

In ƙafa ta gaji, lambun Rehberge na nan gefe, ka huta sai ka koma tashar Rehberge ka kama U6. Lokacin sanyi ka fita da wuri, ƙarfe huɗu na yamma gari ya soma duhu.