Ɗaliban lafiya, ga kurakuran da kuke yi wajen ƙirga bugun zuciya

Duk shekara ana turo muna ɗalibai su koyi aiki a asibitin da nike nan Gusau, kuma kurakuran nan dai su ne ba su canzawa, wallahi bakina ya gaji shi yasa na ce bari in rubuta.

Kuna auna jariri da ma'aunin babba. Babba in yana zaune bugunsa 60 zuwa 100 ne a minti, amma sabon haihuwa 120 zuwa 160 shi ne lafiyarsa, yana girma lambar na sauka har ta kai ta manya. Zuciyar babba tana tura jini kusan mililita 70 a bugu guda, in jiki ya buƙaci ƙari tana iya matsawa da ƙarfi, ta jinjiri ko ƙarama ce ba ta da wannan damar sosai, sauri kawai ta dogara da shi. To sai ka ga ɗalibi ya samu 140 ya tada hankalin mai jego a banza, ya samu 85 kuma ya rubuta lafiya lau. Haba! Sabon haihuwa da ya sauka ƙasa da 100 galibi iska ce ba ta isarsa, maza ka duba numfashi ka kira na gaba da kai.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne ƙirgan sakan 15 a ninka huɗu ga tsoho. Akwai wani ɗan wuri a ɗakin sama na dama na zuciya, shi ke kunna kowane bugu, jijiya daga ƙwaƙwalwa na rage masa sauri, tsoro ko gudu su ƙara masa. Da tsufa tsarin nan na iya rikicewa, bugun ya riƙa tsalle, jini ya daskare a ciki ya tafi ƙwaƙwalwa. Gwaggona ta daɗe tana cewa gabanta na faɗuwa, anka taɓa hannunta ɗan lokaci anka ce 80 ne, gajiya ce Inna, ki sha farasitamol. Ba a daɗe ba ɓarin jikinta ya shanye, har gobe sai an kama ta take tashi. Ni dai tsoho minti cikakke nike ba shi, ina rufe ido ina jin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, in ta ƙi daidaita sai a tura shi gwajin ECG, wato na'urar da ke zana yadda zuciya ke bugawa. Saurin mi kuke yi?

Kar ku sa babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun, yatsu biyu a wuyan hannu. Wanda ya sauko daga kabu-kabu cikin ranar nan tamu ku bari ya huta minti 5, ku tambaye shi ko ya ci goro ko ya sha shayi. Zazzaɓi na ƙara kusan bugu 10 a kowane digiri, mai ciki kuma nata kan hau da 10 zuwa 20. In kunka samu 55 ga dattijo mai hawan jini, ku ce ya nuna muku ledar maganinsa tukun, maganin hawan jini irin su Atenolol na rage bugu.