Yadda ake wanke eyafulo idan mota ta daina ja

Ka taka totur, mota ta tsaya shawara kafin ta tashi. Ka tsaya a danja, silo na rawa kamar za ta mutu. Kafin ka yarda a canza maka famfon mai ko fulogi, duba na'urar auna iska, wadda makanikai ke ce wa eyafulo. Tana kan tiyon da ya fito daga akwatin iyakilina, wato matatar iska, ya nufi inji. A cikinta akwai siririyar waya da lantarki ke ɗumamawa, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka ƙwaƙwalwar mota ke gane yawan man da za ta saki. Ƙurar hunturu ta lulluɓe wayar, lissafi ya ɓaci, mai ya yi kaɗan. In an sa kwamfuta, sau da yawa lambar matsala P0101 ko P0171 ke fitowa. Wasu tsofaffin Honda ba su da eyafulo ma sam, kada ka wahalar da kanka da nema.

Kashe mota, zare makulli, bari inji ya huce. Danna harshen soket ɗin ka zare shi, ban da jan waya. Sukuru biyu ne ke riƙe da na'urar, a wasu motocin masu kan tauraro ne, sai da sukudirebansu. Fito da ita a hankali, ka lura da zoben robar da ke wuyanta.

Maganar abin wankewa: gwangwanin feshin da aka yi don eyafulo kawai, irin na CRC. Ban da fetur, ban da WD-40, ban da na wanke kafireta, ko da mai shago ya rantse duk ɗaya ne. Wani yana barin maiƙo, wani yana cin roba. Da ɗan tsada, amma gwangwani ɗaya zai yi maka wanki da yawa.

To, ga inda mutane ke faɗuwa, ni ma nan na faɗi. A ta Corolla da Camry, kana fito da ita za ka ga wani ɗan ƙwallo mai ruwan zuma a gefe, kamar kan ashana. Na fesa shi ya yi ƙyalli, na mayar, mota na nan yadda take. Ashe wannan zafin iska kawai yake aunawa. Ainihin wayoyin suna can cikin ramin robar, sai ka juya ta ka haska da tocilan waya za ka hango su, guda biyu, ƙanana ƙwarai. In sun yi baƙi ko sun yi gashin ƙura, ka samo ɓarawon. Sa ɗan tsinken gwangwanin saitin ramin, daga ɗan nesa, ka fesa gajere-gajere sau 10 zuwa 15, kana juya ta ruwan na zuba. Kada tsinken ya taɓa wayar. Kada auduga, tsumma ko buroshi su shiga ramin nan. Na ga yaron gareji ya zura tsinken tsintsiya wai zai kankare datti, a take mai mota ya koma neman sabuwa. Iskar mai faci ma tana tsinka wayar. Ɓangaren soket kuwa kada ruwa ya shiga.

Ajiye ta a inuwa kan tsumma mai tsabta, minti 15 ko 20, ta bushe sarai. Kada ka jona ta da danshi.

Mayar yadda ka ciro, ɗaure sukuru ba da ƙarfi ba don roba ce, jona soket sai ka ji ƙas. Iyakilinar da ta toshe ko ta yage canza ta yanzu, in ba haka ba wata biyu ka sake wannan aikin. Tayar da mota, bar ta a silo minti biyar, ka zaga. Wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji da ke gaban direba, takan ɗauke bayan 'yan tafiye-tafiye, ko a goge da kwamfuta. In har yanzu ba ta ja, matsa tiyon nan da ya fito daga akwatin iyakilina da hannu ka duba ƙasan lanƙwasarsa, can yake tsagewa.