Babi na 7: Karanta Kwalin Maganin Yawan Barci da Rashin Natsuwa

Darasi na 1

Akwai larurar da ke sa barci ya kwashe mutum da rana tsaka, yana cikin magana ko yana zaune a A Daidaita Sahu. Akwai kuma yaron da hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, a gida a ce ƙiriniya ce kawai. Likita ne ke tantancewa, kamar na sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano. Yakan rubuta Ritalin ko Concerta, mai yawan barci kuma wani lokaci modafinil. Ba a saye a kemis sai da takardarsa.

Darasi na 2

Kowa ya ɗauko kwalinsa. Ku ɗora yatsa a kan sunan. Ku matsa dama kaɗan, za ku ga lamba da haruffa biyu: 10mg.

Wannan goman ƙarfin ƙwaya ɗaya ne. Ba ƙwaya goma ake nufi ba.

Mu sake. 10mg, ƙwaya nawa? Ba a faɗa ba tukuna. Yawan da za a sha yana jikin takardar likita, ko a zanen da mai ba da magani ya yi da biro: sanda ɗaya, ƙwaya ɗaya. Kada kowa ya ji kunya, wata Baba a ajin yamma ma ƙwaya goma ta karanta wa jikanta, Allah ya sa ta tambaya kafin ta ba shi. Yanzu ita ke gyara wa wasu.

To, ga kwalin Concerta, an rubuta 18mg. Nawa za a sha? Na ji wani ya ce sha takwas. Haba Malam! Sati uku muna kan wannan. Wanda ba ya bita a gida, ni ban san yadda zan yi da shi ba. Lamba mai mg ƙarfi ce. Ku rubuta sau biyar.

Concerta haɗiye ta ake yi ɗungurungum da safe, ba a taunawa, ba a dakawa, domin a hankali take sakin maganin har yamma.

Darasi na 3

Idan aka sha da dare, barci zai gagara. Yana rage cin abinci, don haka a fara karya kumallo. Idan zuciya na bugawa da sauri ko akwai ciwon ƙirji, a koma asibiti.

Darasi na 4

A kulle shi a akwati. Ba a sam wa ɗan maƙwabta.