Kurakuran da sababbin maharba ke yi wajen sayen bindigar wasan harbi ta farko a Amurka

Duk ɗan'uwanmu da ya zauna a Amurka har ya fara sha'awar zuwa filin koyon harbi, tambayarsa ta farko ba ta wuce wace bindiga zai saya ba, kuma sau da yawa ya riga ya yanke shawara tun kafin ya tambaya, tabbaci kawai yake nema. Na gaji da maimaita amsa ɗaya ga mutanen da za su gyaɗa kai sannan su je su sayo abin da aka hana su, shi ya sa na ga gara in rubuta. Bindigar da nake magana a kanta ita ce mai ɗura kanta, wadda duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya ke fita, sannan ita da kanta ta tofar da kwanson ta ɗauko wani. Ba ita ce ta sojoji mai aman wuta ba. Maganar kuma ta Amurka ce; a Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ba ta bar wa farar hula wannan ƙofa a buɗe haka ba, don haka kada mai karatu a gida ya ɗauka da shi ake.

Kafin a zo kan ƙarfen, akwai doka, kuma baƙi ne suka fi tuntuɓe a nan. Dokar tarayya ta yarda mai shekara 18 ya sayi doguwar bindiga a wurin dillali mai lasisi, bayan ya cike fom mai lamba 4473 an kuma bincika tarihinsa, amma jihohi suna da nasu ƙarin: Florida ta mayar da shekarun 21 a 2018, New York da California sun taƙaita siffofin da irin wannan bindiga za ta iya ɗauka, Illinois kuwa ta hana sayar da da yawa daga cikinsu a 2023. Wanda ke zaune da bizar karatu ko ta ziyara, doka ta hana shi riƙe bindiga da harsashi sai in ya cika wani sharaɗi na musamman, kamar mallakar lasisin farauta. Wanda kuma ya sa hannu a fom ya sayo wa abokinsa da sunan kansa, saboda kara ko kunya, ya aikata babban laifin da ke kai mutum kurkuku.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne farawa da babban harsashi. Sabon maharbi yana shiga shago da hoton bindigar da ya gani a fim, mai shago kuma ba zai ƙi kuɗinsa ba. Ni ma haka aka sayar mini da mai cin babban harsashin .308 Winchester a farkon al'amari, da hujjar cewa idan na saya sau ɗaya na huta. Ban huta ba. Kuɗin da na yi asara lokacin da na mayar da ita shi ne ƙaramin abin da ta ci mini. Babban shi ne ɗabi'ar da ta dasa mini a jiki, wadda ta daɗe tana bina bayan bindigar ta bar hannuna. Bindiga mai ƙara da naushin kafaɗa tana koya wa jiki tsoro ba tare da mai jikin ya sani ba: daf da tashin harbi sai ido ya ƙifta, kafaɗa ta tura gaba don tarar dukan, bakin bindiga ya sunkuya ƙasa, harsashi ya sauka inda ba a nufa ba. Daga nan sai mutum ya ɗora wa bindigar laifi, ya canza madubin saiti, ya canza kunama, ya sayi harsashi mai tsada, alhali cutar tana kafaɗarsa.

Wanda yake musun yana da wannan ɗabi'a, ga yadda nake kama shi. Sai in juya baya in ɗura masa gidan harsashi, in cusa harsashin roba marar albarushi guda ɗaya a tsakiya ba tare da ya san wurin ba. Idan ya zo kansa, kunama za ta ce ƙas, babu ƙara babu naushi, amma kowa a wurin zai ga bakin bindigar ya yi ƙasa kamar an fizge shi, shi kuma idonsa a rufe. Ban taɓa ganin wanda ya ci gaba da gardama bayan wannan ba.

Maganin da na sani shi ne a fara da mai cin ƙaramin harsashin .22 LR, kuma ban damu da masu cewa wannan bindigar yara ce ba. Ruger 10/22, wadda aka fara fitarwa a 1964, tana da gidan harsashi mai cin goma, ba ta da nauyi, ba ta naushi, kuma babu garin da za a rasa kayan gyaranta. Wanda ya ƙwallafa rai a kan siffar AR-15, doguwar bindigar nan mai kama da ta sojoji, yana iya ɗaukar M&P15-22 mai cin .22 ta kamfanin Smith & Wesson, wadda maɓallanta suke daidai inda na babbar suke. Harsashin .22 ana sayar da shi ɗari biyar a kwali ɗaya, na .223 kuwa, wanda AR-15 ke ci, an fi samunsa ashirin-ashirin, kuma kowane ɗaya ya ninka na .22 sau da yawa a farashi. Lissafin a fili yake: iya harbi yawan maimaitawa ne, wanda kuwa kowane jan kunama ke tuna masa da aljihunsa ba zai maimaita ba. Shirin koyar da harbi na Project Appleseed yana yin yawancin darussansa a tazarar mita 25, kuma da .22 mafi yawan ɗalibai ke zuwa. Abin da kawai zan gargaɗi mai saye a kai shi ne bindigar .22 mai ɗura kanta tana da tsirfa wajen harsashi, wani samfurin za ta ci lafiya, wani ta riƙa cijewa. A gwada ƙananan kwalaye na kamfanoni daban-daban kafin a sayi mai yawa.

Idan hannu ya zauna aka koma kan AR-15, wadda Eugene Stoner ya tsara a kamfanin ArmaLite a shekarun 1950, sai kuskure na biyu ya bayyana, wato rashin karanta abin da aka buga a jikin bututun. Harsashin .223 Remington da 5.56 NATO kamar tagwaye suke a ido, amma bindigar da aka rubuta mata 5.56 tana cin duka biyun, wadda aka rubuta mata .223 kaɗai kuwa ba a sa mata 5.56, domin matsin da ke tashi a cikinta yana iya wuce abin da aka ƙera ta a kai. Akwai mai suna .223 Wylde da aka yi musamman don ta ci biyun. Wannan duk mai sauƙi ne idan aka kwatanta da .300 Blackout, harsashin da ke shiga gidan harsashi iri ɗaya da na 5.56, kuma yana iya zama a cikin bindigar 5.56 ta rufe a kansa, alhali kansa ya fi ramin bututun kauri nesa ba kusa ba. Idan aka ja kunama a haka, bindigar ce ke tarwatsewa a gaban fuskar mai ita. Duk da haka za ka ga mutum ya juye harsasai iri biyu a jaka ɗaya, ko ya tsinci na ƙasa a filin harbi ya cusa a tasa don kada a yi asara. Wace irin rowa ce wannan, da za a sayar da ido da yatsu saboda harsashi ɗaya? Ni ba na zuwa fili da waɗannan biyun a rana ɗaya, kuma harsashin da ban ciro daga kwalinsa da hannuna ba, ba ya shiga bindigata ko da wa ya miƙo mini.

Haka nan masu cewa "na cire gidan harsashi, babu komai a ciki". Wannan jimla ta jawo makoki a gidaje da yawa. Bindiga mai ɗura kanta ta riga ta ɗauko harsashi na gaba tun lokacin harbin ƙarshe, yana kwance a ciki ko an zare gidan. Tsarin ɗaya ne kuma ba a juya shi: a fara zare gidan harsashi, sannan a ja makullin baya a kafe shi, a duba ramin da ido, a taɓa da yatsa. Wanda ya ja makulli kafin ya zare gida ya fitar da ɗaya ya ɗura wani. Duk wanda ya miƙo mini bindiga a rufe yana rantsuwa cewa wofi ce, ba na karɓa, kuma ba na neman afuwa a kan hakan.

Sauran kurakuran ba su buƙatar dogon bayani. Kada a ƙarar da kuɗi a kan bindigar kaɗai, a manta da akwatin ƙarfe mai kulle, musamman a gidan da yara da baƙi ke shige da fice. Kada a jibga mata fitila da mariƙi da madubin hange tun ba a iya saitin ƙarfen da ta zo da shi ba. Maratayi mai kyau ya fi su duka amfani a shekarar farko. A gwada wane ido ne ke jagora kafin a zaɓi kafaɗa, domin akwai na-dama da idonsa na hagu ne mai ƙarfi. A ɗora bindigar a kafaɗa a cikin shago, idan sai an miƙe wuya kafin a ga saiti to gindinta ya yi tsawo. Kunne kuwa ba ya dawowa idan ya tafi, kuma ko ƙaramar .22 ƙararta tana kusan kai desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, don haka a filin da ke cikin gini ni toshe biyu nake yi, na cikin kunne da na samansa. A wanke hannu bayan harbi kafin a ci abinci, saboda dalma.

Wanda kuma niyyarsa farautar barewa ce, ya karanta dokar farauta ta jiharsa tun kafin ya je shago, domin wasu jihohin sun ƙayyade mafi ƙanƙantar harsashin da aka yarda da shi, wasu sun taƙaita yawan abin da gidan harsashi zai ɗauka a daji. Filayen harbi da yawa suna ba da hayar bindigogi, kuma kuɗin hayar iri biyu ko uku a yammaci ɗaya bai kai rabin asarar da ake yi ba idan aka mayar wa dillali sabuwar bindiga da aka riga aka harba.